Fuska a Cikin Baho

An haife ni a Zongon Kwatano, teku a kudu, tafki a arewa, amma har na kai shekara talatin da huɗu ruwa bai taɓa wuce gwiwata ba. Mahaifiyata daga arewa ta zo, daga garin da ba a ganin ruwa sai an jawo shi da guga, kuma darasinta game da ruwan garin nan gajere ne: ba namu ba ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na gama jami'a, na sami aiki a buron masu fito da kaya daga tashar jirgin ruwa, inda teku ke cika min taga kullum, duk da haka ban taɓa tsayawa na duba maganar tata ba.

Likita ce ta fara tayar da zancen. Ta ce jinina ya ɗan hau, ba sosai ba, amma in nemi wani abin yi wanda ba aiki ba ne, ba kuma raino ba. A lokacin 'yata tana da shekara shida, ƙaninta biyu da rabi. Na ɗauki shawarar kamar aikin gida na makaranta. Na ja layi a takarda, na rubuta abubuwan da zan iya koya a gefe ɗaya, haɗarin kowanne a ɗaya gefen. Saƙa tana da allura, ƙaramin kuwa komai bakinsa yake kaiwa. Shuka a bokiti tana son wuri, tsakar gidanmu kuma ta iyali biyar ce, ga akuyar maƙwabta. Gudun safe na soke shi da kaina, don na san kafin in kai bakin titi an aiko a tambayi me ya faru a gidanmu. Baban yara ya tsinci takardar a kan firji, ya karanta a tsaye, ya ce ni ko hutu sai na shirya masa jarrabawa. Iyo ba ya cikin jerin. Ban ma tuna akwai shi ba.

Wata Lahadi bayan ƙaramar salla muka kai yaran bakin teku a Fidjrossè. Kamar kullum na zaɓi inuwar kwakwa mafi nisa da ruwa. Ƙaramin ya zame daga cinyata ya ruga, bai ko kai wurin da rairayi ke da danshi ba, sai na ji an daka masa tsawa: “Dawo nan! Ruwan nan ba namu ba ne.” Na zaci ni ce na yi magana. 'Yata ce, da muryata, har da yadda nake jan kalmar ƙarshe. Na kama hannunta.

Daga ranar na fara lura da abin da na daɗe ina gani ban kula ba. In za ta tsallake kwata sai ta rufe ido. In ana wanke mata kai takan sandare, ta riƙe numfashi har kuka ya ƙwace mata. Metires ɗinsu, wato malamarsu, ta taɓa gaya min cewa in ruwa ya taru a filin lakwal yarinyar ba ta fita hutu, na ɗauka tsabta ce. Ba na so a fahimce ni a karkace: tekun nan yana ja, kuma har gobe ba zan bar yarana su shige shi ba. Amma tsoron da ke jikin yarinyar bai san bambancin teku da kofin wanka ba, kuma ni na ba ta shi. Abin da ya hana ni sakewa shi ne ko za a iya karɓe shi tun bai zauna ba, ko kuwa na makara.

Wata abokiyar aikina ce ta gaya min akwai ƙaramin otal a hanyar Fidjrossè da ke ware safiyar Asabar ga mata a pisin ɗinsu, wato kwamin iyo, a rufe ƙofa, ma'aikata maza su fita. Na yi mako uku ina shiri. Na sayi dogon wando mai kama jiki, riga mai dogon hannu da hular roba. Na kalli bidiyo a waya har na haddace sunayen salon iyo huɗu. Da yamma nakan kwanta rub da ciki a tabarma ina kaɗa ƙafa, ƙaramin yana bayana yana cewa in yi sauri. Mahaifiyata ban gaya mata ba. Baban yara ya ce zai riƙe yaran, da sharaɗin kada in dawo in ce shi ma ya je.

Mai koya mana babbar mace ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, daga ƙauyukan nan na tafki da ake gina gidaje a kan sanduna. Ba ta jin Hausa, da Faransanci muke magana, kowa yana ce mata Tanti. Duk abin da na haddace bai yi amfani ba, don ba ta fara da hannu ko ƙafa ba. Ta tsayar da mu takwas a inda ruwa ya kai ƙugu, ta ce kowa ta ja iska da baki, ta sa fuska a ruwa, ta fitar da iskar ta hanci har kumfa ta tashi. Sauran suka yi, wasu da dariya. Ni na ja iska, na sunkuya, ruwa na taɓa hancina sai na shaƙe shi. Zafin ya hau har tsakiyar kaina. Na ɗago ina tari, hawaye na zuba.

Haka Asabar ta biyu, haka ta uku. Tanti ta ce ta san matsorata, su riƙe numfashi suke yi har fuskarsu ta kumbura. Ni kuwa ba haka nake yi ba, a nutse nake jan ruwan, sau ɗaya, kamar mai kurɓar shayi da hanci. Abin ya ɗaure mata kai, ni ma haka, kuma in faɗi gaskiya son gane dalilin ya fi komai mayar da ni wurin. Ta ba ni aikin gida: baho cike da ruwa, sau goma kowace rana.

Ɗakinmu ba wurin da zan zubar da ruwa, dole sai tsakar gida. Bayan la'asar nake yi, in na dawo daga buro. A wannan lokacin ne kuma Hajiya, maƙwabciyarmu 'yar Nijar mai sayar da turare, take zama a 'yar kujerarta tana tsintar shinkafa. Ranar farko ta tambaya ko mura ce, ta ce ai sirace da ruwan zafi ake yi. Rana ta biyu ta ce, “Madam, zobe ne ya faɗa a ciki? Ki sa hannu mana.” Na yi mata bayani da 'yar kunya. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya je jami'a ya dawo yana koyon numfashi ba, amma ta ajiye farantin, ta jawo kujerar kusa da ni.

Ta kalle ni sau ɗaya, ta ce in sake. Na sake, na ɗago ina tari. Ta ce in sake, amma in bari ta ga gefen fuskata. A na uku ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

“'Yar nan, ke alwala kike yi.”

Na ce ban gane ba, Hajiya.

“Tun kina 'yar mitsitsiya, in ruwa ya zo hancinki me kike yi da shi? Shaƙa. Sau biyar a yini. Yanzu rana ɗaya ki ce masa ya bari? Hancinki ya fi ki jin magana.”

Na zauna a bakin bahon ina tunani. Ba zan rantse cewa wannan ne dalilin ba, don akwai wata Musulma a ajinmu da ba ta taɓa samun matsalar ba. Wataƙila tsoro ne kawai ya nemi hanyar da jikina ya fi sani. Amma da na lura, har tafin hannuna nake ɗan dunƙulawa kafin in sunkuya, kamar mai ɗibar ruwa daga buta. Hajiya ta ce ai alwalar ma ba ta ƙare a shaƙa ba, bayanta me ake yi? Na ce a fyace. Ta ce to in fara daga nan, in ɗauka na riga na shaƙa.

Na ja iska, na fara fyacewa tun kafin fuskata ta taɓa ruwan. Kumfa ta yi ta gudu ta gefen kunnuwana, da wata ƙara da ban taɓa ji ba. Na buɗe ido ba da niyya ba, na ga gindin bahon da tambarin kamfanin da ya yi shi, baho na shekara bakwai da ban san yana da rubutu ba. Da na ɗago ba tari. Hajiya ta koma kan shinkafarta, ta ce in an ba ni takardar shaida a sa sunanta a ciki.

Duk kwanakin nan 'yata tana kallona daga ƙofar ɗaki, ba ta taɓa matsowa ba, ni kuma na hana kaina kiranta. Sau ɗaya ta tambaya ko yana da zafi. Na so in ce a'a. Na ce da farko yana yi.

Bayan kamar wata huɗu Tanti ta ce Asabar ɗin ƙarshen wata kowa na iya zuwa da 'ya'yanta mata. Ta kafa doka ɗaya: a bakin ruwa uwa ba ta yi wa 'yarta magana sai in yarinyar ce ta tambaya. Ina jin da ni take, ko da yake ba ta dube ni ba. 'Yata ta zauna nesa da gefen, ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashinta. Na ƙetare faɗin pisin ɗin, ba tsawonsa ba, ina fantsama ruwa kamar ana wanke tabarma, na kama bango a gabanta ina haki. Na jira ta ce in fito.

“Mama, me kika gani a ƙasa?”

Na ce tayil ne, ɗaya ya tsage, sai kuma wani ribom na gashi da ya nutse. Ta tambayi launinsa. Na ce ban lura ba. Ta ce in koma in duba. Na koma, na ce kamar shuɗi. Ba ta yarda da “kamar” ɗin ba. Ta rarrafo zuwa gefe, ta kwanta rub da ciki, Tanti ta zo ba surutu ta dafa bayanta da hannu ɗaya. Yarinyar ta leƙa, gashinta ya fara taɓa ruwa. Na ji “a hankali” ya taso min har maƙogwaro, da sauran duk abin da ke bin sa. Ban san yadda zan tsayar da shi ba, sai na nutsar da bakina a ruwa, gargaɗin ya fita kumfa.

Ta sa fuskarta, bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Ta ɗago tana tari, ido jajir, ta share hanci da bayan hannu. Ta dube ni da fushi, na zaci kuka ne zai biyo.

“Kore ne,” ta ce. “Ba shuɗi ba.”

Ba ta sake sa fuskar ba a ranar, kuma ba ta shiga ba. Amma ta sauke ƙafafunta a ruwan har muka tashi, tana kaɗa su, tana gaya wa Tanti da Faransancinta na lakwal cewa mamanta ba ta gani sosai a ƙarƙashin ruwa.