Dattawa Sun Roƙa Mini Zama

Ban taɓa mantawa da ranar da dattawa suka je Kano yi mini gata ba. Lokacin ni kaɗai ne likita a wani ƙaramin asibiti a yankin Doguwa, ina shirin jarrabawar ƙwarewa a tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro.

Littafin da nake karantawa na aro ne, tsofaffin tambayoyi kuwa abokai ke turo mini ta waya idan sabis ya ga dama. Ƙashin kunnen da ake koyon aiki a kansa babu shi, sai kan akuya da Sarkin Fawa ke ajiye mini ranar kasuwa. Amma ƙa'ida ita ce sai mutum ya zauna a asibitin koyarwa, ya yi aiki ƙarƙashin manya. Na nemi hutun karatu, aka amince mini da baki.

Sai labari ya bazu wai za a ɗauke likita. Mai unguwa Haladu, wanda na taɓa cire wa jikansa ƙwayar masara daga hanci, ya tara dattawa, suka cika mota sai hedikwatar ma'aikatar lafiya, roƙon a bar musu ni. Ba wanda ya tambaye ni.

Darakta ya kira ni yana dariya. "Dakta, mutanenka har da ƙwalla. Ina zan kai hakkinsu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, karatu zan je, ba gudu ba."

"To wa zan tura can? Ka bari sai baɗi."

Baɗin nan har yau ba ta zo ba. Abokin karatuna da aka tura wani ƙauyen bai taɓa kwana a can ba, ba a san fuskarsa ba balle a roƙa. An sake shi ya tafi karatu salin-alin. Yanzu gare shi nake tura masu ciwon kunne.

Washegari mai unguwa ya zo da zabbi, bakinsa har kunne. "Likita, mun tsaya maka! Ba mai taɓa ka."

Na rusuna na ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba." Raina kuwa kamar ya fita don baƙin ciki.

Ban ga laifinsu ba, sun sha binne 'ya'yansu saboda rashin likita. Amma ku masu shigowa aikin likita ku sani, a aikin nan wanda ya zauna shi ake ɗaurewa. Ni ba maƙiyi ne ya kafa mini turke ba, masoya ne, kuma har godiya na yi musu.