Hammanjoda da Bahon Jarirai

Yayana Hammanjoda akwai baki. In ya zauna ƙofar shagonsa na gyaran babur a Nassarawo ya soma labari, sai ka rantse shi ya haƙa kogin Binuwai. A Jimeta ya yi samartakarsa wajen masu kwale-kwale, can ya koyi iyo, ya dawo Mubi yana yi mana kallon ƙauyawa, mu da ruwa in ya wuce gwiwa sai salati. Ni Aisatu ƙanwarsa ce ciki ɗaya, kuma wallahi kunyarsa nake ɗauke da ita tun shekarar da gadar hanyar Michika ta karye.

Da damina ta kankama mayo, wato kogin, ya cika, motoci suka riƙa sauke mutane a bakin ruwa. Hamma ya sayo kwale-kwale, aka ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya ɗauki wani manomi ɗan Michika mai suna Vandi yana jan jirgin da igiyar. Vandi ɗan kan dutse ne, bai iya iyo ba ko kaɗan. Ƙarfi dai gare shi, ga rashin magana.

Hamma ya kafa doka: mace ba ta shiga jirginsa da goyo. Ya ce in jirgi ya kife, ɗan da ke baya shi ke fara shan ruwa. Sai a kwance jarirai a kwantar cikin wani babban bahon roba a gaban ƙafarsa. "In wani abu ya faru, ni na iya ruwa, ni zan fita da su." Mata har albarka suke sa masa.

Ranar da abin ya faru ina dawowa daga suna, ɗana Habib yana cikin bahon tare da wata jaririya. Muna tsakiyar mayo wani ƙaton kututture ya daki jirgin, ruwa ya kwararo ciki. Kowa na ihu, kowa na neman igiya. Ni idona na kan baho. Hamma ya dubi bahon, ya dube ni, ya faɗa ruwa shi kaɗai. Haba! Ɗan ƙanwarsa fa!

Vandi ne ya saki hannu ɗaya ya fizgo bahon, ya ɗora a ka. Jirgin ya nutse ƙarƙashinsa, ruwa ya kai masa haɓa, yana shiga baki yana tofarwa, hannu ɗaya a igiya ɗaya a baho, har mazan da ke bakin gaɓa suka biyo igiyar suka karɓi yaran. Ba wanda ya mutu. Hamma kuwa can ƙasa ya fita, ya shige gonar masara ya zauna har la'asar.

Da aka tambayi Vandi ina ogansa, sai ya ce, "Oga ya yi iyo ya je kiran mutane." Sauran fasinja kowa ta kansa yake, ba wanda ya ga abin da na gani. Na yi shiru saboda innarmu mai hawan jini. Shi kuwa gogan ya ɗauki labarin ya saka kamar babbar riga, har ƙara masa gishiri yake a shago.

Abu ɗaya na nema wajensa, ba biyu ba. Na ce, "Hamma, je ka sami Vandi ka ce da bakinka ka gudu." Kullum sai gobe. Ƙirjin Vandi kuwa bai ƙara daidai ba tun ruwan da ya sha, tari yau tari gobe, har bana Allah ya karɓi abinsa.

Na tasa Hamma gaba muka tafi gaisuwa. A kan babur yana kuka da majina, yana rantse mini yau zai faɗa wa matar marigayin gaskiya, kome zai faru ya faru. Har na ji tausayinsa, ni wawuya.

Miriyamu, matar Vandi uwar 'yarsa Jessica, tana zaune a tabarma cikin matan cocinsu. Da ta ji sunansa sai ta miƙe, ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Oga, sannu. Baban Jessica kullum yana faɗi ba don ka kira mutane ba, da shi da yara duka ruwa ya tafi da su. Shekarun nan da muka samu tare, kai ne. Na gode."

Na kafe shi da ido, zuciyata na cewa yanzu, Hamma, yanzu. Ya gyara hula.

"Ba komai, Maman Jessica," in ji shi. "Ai yi wa kai ne."

Matan suka ce amin, Allah ya saka masa. Ni ƙasa na duba, da ta tsage da na shige. Da muka fito ya tayar da babur ya ce in hau. Na wuce shi na tsaya bakin titi ina jiran mota.