Makahon Gonar Gyaɗa

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. 'Yata ce take ɗaukar maganata a waya tana mayarwa boko, don ni ajami na sani, shi ɗin ma yanzu sai a zuci.

Shekarun baya ina zaune a Karaye, sana'ata rubutun Alƙur'ani da hannu da zayyanar allon sauka. Na fi shekara talatin a kai, har na kai matsayin da hannu ke tafiya zuciya na barci: baƙar tawada ga harafi, ja ga wasali, rawaya ga ɗigon hamza, in gama in miƙa, mutane su yi ta cewa masha Allah, ni kuwa ban ga komai ba sai ciwon baya. Ana cikin haka likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne ya kama ni, magani zai jinkirta amma ba zai hana ba. Na dawo gida a gajiye. Salla ina yi, amma, Allah Ya yafe mini, kamar mai sauke kaya, kuma can ƙasan raina akwai ƙorafin da ban iya faɗa: ni da na ƙarar da ido a kan littafinKa, shi za a karɓe?

Wata safiya cikin marka na hau acaɓa daga Rogo zan kai wa wani malami a Falgore Alƙur'anin da na gama, wanda na ƙudurta shi ne na ƙarshe. Muna tsakiyar hanya taya ta sace. Mai babur ya tura ya tafi neman mai faci, ni na rataya gafaka na nufi inuwar wata ɗorawa a bakin gonar gyaɗa. Ashe da mutum a wurin, wani dattijo makaho, sanda a kan cinya. Muka gaisa, ya gajiya, ya ruwa, ya iyali, sannan ya ce, "Malam, ara mini idonka mana. Me ke gabanmu?"

Na ce, "Gona ce, Baba."

"Wane launi?"

"Kore."

Ya yi dariya har da tari. "Kai, wannan aro da rowa yake! Kore ɗaya? Na gyaɗa daban, na dawar can baya daban, na ganyen da ke kanmu daban. Sake dubawa."

Don in rabu da shi na duba, kuma wallahi haka ne. Bai ƙyale ni ba. Ya sa na durƙusa na ɗaga ganyen gyaɗa, sai ga 'yan furanni rawaya, ƙanana, raɓa ba ta gama bushewa a kansu ba. Ya ce, "Kafin la'asar sun yanƙwane. Wa aka yi wa wannan ado a ƙarƙashin ganye, inda ko mai gonar ba ya leƙawa?" Sai na ji bakina ya ce subhanallahi, irin wadda na yi shekaru ban faɗa ba, wadda ke fitowa tun daga ciki.

Ya ce, "To ka yi ta tara kallo, Malam, inda za ka ba a sayar da shi. Kuma wannan na cikin gafakarka, ka manta ɗigo ɗaya a Suratul Mulki, wajen da aka ce ka sake mayar da gani."

Ni ban gaya masa abin da ke cikin gafaka ba. Na buɗe, na bi takardun, ga wurin hamza nan fari fat, na tsallake. Ina ɗagowa mai babur yana tsaye yana cewa, "Malam, lafiya kake magana kai kaɗai?" Na waiga, babu dattijon. Tabon zama a kan ciyawa ɗaya ne, nawa.

Shekara huɗu idona ya ƙara yi, kuma a cikinsu na yi kallon da ban yi ba a hamsin. Bayan asuba in fita in ga yadda haske ke sauka a kan ruwan dam, in kalli wuyan kurciya, in kalli fuskar mai ɗakina tana tankaɗe, har ta ce, "Malam, yau kuma me na yi?" Kowanne in bi shi da tasbihi in ajiye. Da duhun ya zo, ba zan ce muku bai yi nauyi ba, har yau akwai ranar da nake tashi da gajiyar da ba ta jiki ba. Amma ƙorafin nan ban sake jin sa ba. In na ɗaura niyyar salla, korayen nan uku da rawayar furen sukan zo su tsaya mini, ba su koɗe ba.

Abin da ya sa na ce a rubuta shi ne na makon jiya. 'Yata ta kunna mini abin da ta ɗauka don in ji ko daidai ne. Ban taɓa jin muryata daga waje ba. Da aka zo wajen "ara mini idonka", har da 'yar dariyar da tarin, na ce ta kashe. Ta ce, "Baba, mene ne? Ai kai ne." Na ce na sani. Muryar da na ji a gindin ɗorawar nan ce, ba kama ba, ita ce.

Ban san fassararsa ba, ban kuma tambayi kowa ba, Allah ne Masani. Ku dai da kuke da ido, in kun fita gobe ku ɗaga ganye ku duba, ku ambaci Wanda Ya yi. In kuma wani makaho ya ce ku ara masa ido, kada ku ce masa kore kawai.