Kafin A Yaye Zane

Jiya na ga zanen saƙi a igiya yana ƙamshin shuni, sai na tuna babban malaminmu a Gwarzo, zamanin Turawa. Ina sabon malami muka shirya wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila, wanda sarki ke mutuwa a ƙarshensa. Irin zanen nan ne labulenmu. Kafin a yaye shi, Malam ya fito ya gaida jama'a, ya gaya musu ƙarshen.

Na ce, "Haba Malam, ka ɓata wasan!"

Ya ce, "A garin nan ba a sanar da mutuwa bagatatan."

Daga baya da ya kwanta ciwo ya tsananta, har Kabo inda na koma ya aika aka kira ni, ya shirya ni da bakinsa don kada in ji rasuwarsa bagatatan. Allah Ya jiƙansa, Ya sa shi ma an tarye shi da albishir tun daga ƙofa.