Kwale-kwalen da Kaka Ta Hana Isa Gaɓa

Har yau idan na ji ƙamshin itacen kaɗanya a wuta, yarinyar nan mai shuɗin gashi nake tunawa. Kowace Laraba, da mun taso daga lakwal, wato makaranta, sai mu cika zauren maƙwabcinmu a zangon Dapaong, mu zuba wa tele ido. Zanen Japan ne mai motsi, da Faransanci. Yarinyar tana tuƙa ɗan kwale-kwale daga tsibiri zuwa tsibiri tana neman mahaifinta, idanunta dara-dara, hawayenta na ƙyalli kamar raɓa. Ni kuwa tuni na ba ta zuciyata.

Sai ƙasa ta rikice. Aka shiga dogon yajin aiki, tele ta koma jawabi da kiɗan soja. A lokacin Babana yana Lome da kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa. Hanya ta toshe, labarinsa ya ɗauke.

Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Baba, ta same ni a bakin murhu ina kuka.

"Na ubanki ne ko na mai idon mujiyar nan?"

"Kaka, ba su nuna ko ta gan shi ba."

"To su Japan ɗin sun fi ni baki ne? Matso, ga ta nan."

Kaka ba ta jin Faransanci, ba ta kuma taɓa ganin teku ba. A tekunta akwai shingen jandarma, har wani ƙaton kifi ya tare yarinyar ya ce ta kawo katin shaida. Ta yada zango a Sokode, wata Bakotokoliya ta ba ta koko. Mu yi ta dariya.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Kaka ba ta taɓa barin tatsuniya ta kwana ba a rufe ta da ƙurunƙus ba. Wannan kuwa, duk sanda kwale-kwalen ya hango gaɓa, sai ta tayar da iska.

"Haba Kaka, ki bar ta ta isa mana!"

"Ke kika san teku ko ni? Tashi ki ɗauraye kwanonki."

Haka muka yi ta yi, har ranar da Baba ya yi sallama, ya rame, ya zagayo ta Ghana, babu kamiyo. A yammacin nan iska ba ta taso ba. Yarinyar ta taka gaɓa ta iske mahaifinta, Kaka ta ce ƙurunƙus, muryarta na rawa.

Bayan na yi aure a Sokode, na ci karo da kaset ɗin zanen a kasuwa, tun daga farko har ƙarshe. Na kunna, ina son in san gaskiyar abin. Ashe kashi ɗaya tak ya rage mana. A wurin Japanawa, a Larabar da ta biyo baya yarinyar ta isa gaɓa.

Na daɗe ina kallon telen. Da ina zaton ni Kaka take lallashi. Sai a ranar na tuna Baba shi kaɗai ne ɗanta. Ba za ta ba 'yar wasu nata uban ba alhali nata ɗan yana kan hanya.