Kiɗan da Ya Kusa Korar Maƙwabcinmu

Shekarun baya, bayan na gama bautar ƙasa ina zaune a gida Ƙofar Guga ina jiran aiki, wani dattijo ya kama hayar ɗaki a gidan da ke jikin namu. An ce mai gyaran rediyo ne da ya daɗe a Kudu. Ba mata, ba 'ya'ya, ba mai zuwa wurinsa. Sati bai cika ba ya sa aka ɗaura masa doguwar waya a kan rufi.

Lokacin kuwa hankalin kowa a tashe yake. Kullum sai an ji labarin an ɗauke wani a ƙauyukan da ke gaba da Batagarawa, kuma kowa ya yarda akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoto daga cikin gari. Duk baƙon da bai cika surutu ba, ido na kansa.

Kullum bayan la'asar sai mu riƙa jin wani abu daga ɗakinsa: shuu, sai fito, sai muryar Bature tana zuwa tana ɓacewa. Wani lokaci har da muryar mace cikin Hausa. Ni ma ban tsira daga zargin ba. Na taɓa tsayawa jikin katangarmu riƙe da buta, wai alwala zan yi, har ruwan ya ƙare ban wanke ko hannu ba.

Abokina, wanda yake cikin 'yan sintirin unguwa, ya laɓe ta taga ya naɗi ɗan guntun abin a wayarsa, ya kai wa mai unguwa. Aka aiko kirana, tunda ni ne mai digiri na kusa.

"Malam, kai ka yi boko mai zurhi," in ji mai unguwa. "Saurara ka hwaɗa mana mi wannan Baturen ke cewa."

Na saurara sau uku. Mutumin ya faɗi lokaci, ya faɗi mita kaza a gajeren zango, sai aka yi tafi, wani abin busa ya fara, naɗin ya yanke. A raina na ce wannan ai shirin rediyo ne. Na kuma faɗi haka, amma a hankali.

"Za ka iya rantsuwa ba saƙo ba ne?" in ji abokina.

Nan na rikice. Ni mutum ne da ko a jarrabawa sai na duba amsa sau huɗu kafin in miƙa takarda. Na tuna idan na ce ba komai, gobe aka ɗauke wani a layinmu, sunana za a fara kira. Sai na ce, "To, da alama dai shiri ne, amma ba zan iya tabbatarwa ba. Wataƙila akwai abin da ban gane ba."

Ni a ganina na yi adalci, ban goyi bayan kowa ba. Su kuwa abin da suka ji shi ne: mai digiri ma ya ce akwai wani abu. Kafin magariba maganar ta zagaye unguwa. Aka tsayar da cewa ranar Juma'a za a ce dattijon ya tattara kayansa, in ya ƙi a miƙa shi ga hukuma. Samarin majalisa kuma suna faɗin abin da ya fi haka muni.

Da na ba mahaifiyata labari, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Kai ka ji mugun abu a ciki?"

"A'a, Inna, amma ban ji duka ba."

"To wa ya riƙe maka kunne? Shekara huɗu muna aika maka da garin kwaki jami'a, ka dawo ba ka iya cewa e ko a'a ba?" Ta zuba fura a kwano ta rufe. "Ungo, kai mishi. Kar ka dawo sai ka ji duka."

Na yi sallama a ƙofar dattijon. Ina gaishe shi, ina tambayar gajiya da ƙarfin jiki, idona kuwa yana yawo: batura a ƙasa, rediyoyi uku a buɗe, ga wani littafi cike da lambobi. Na ce a raina shi ke nan, abokina ya yi gaskiya.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Kai ne mai fassarar, ko? Labarinka ya riga ka isowa."

Ya jawo kwali cike da kaset, kowanne da rubutun biro da ya koɗe. Ya ce tun yana saurayi wata tashar waje take da shirin da take sako tsofaffin kiɗan Turawa irin su jaz da suwin, waɗanda aka naɗa a zaurukan rawa tun kafin a haife shi. Shi kuma sai ya kara rakoda a bakin rediyo ya naɗa. Lambobin littafin, mitoci ne da lokutan da tashar ta fi fita fes. Wayar rufi kuwa eriya ce, har yau yana lalube ko zai sake cin karo da irin shirin.

Ya saka ɗaya. Shuu ɗin nan ya taso, Baturen ya yi maganarsa, aka yi tafi. Sai ƙahonin busa suka shigo gaba ɗaya, ɗaya ya yi kira sauran su amsa, ganga na tafiya a ƙasa ba gaggawa, ana jin ƙarar kofuna da dariyar mutane a nesa. Ban ce na fahimci kiɗan ba, amma na kama ƙafata tana motsi, na yi sauri na danne ta.

"Baba, to muryar macen fa?" Sai da na tambaya, don zargin bai gama sakina ba.

Ya ɗaga yatsa alamar in saurara. Can tsakiyar kiɗan, kusa sosai, wata mata ta ce, "Malam, ka rage wannan hayaniya, tuwonka na hucewa." Wani saurayi ya yi dariya ya ce, "Shii, ina naɗi!"

"Ranar har faɗa na yi mata, wai ta ɓata mini kaset," in ji dattijon. "Ta rasu da daɗewa. Ko hotonta mai kyau ba ni da shi. Yanzu duk kwalin nan, wannan ne kawai ya kusa tsinkewa."

Na koma wurin mai unguwa a ranar. A hanya na shirya jimla mai farawa da "a iya fahimtata", na kuma haɗiye ta a ƙofar zaure. Na ce, "Ranka ya daɗe, kiɗa ne. Na rantse. In wani abu ya biyo baya, ni a kama."

Washegari mai unguwa ya je wurin dattijon da kansa, shi da abokina. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan ai algaita ce ta samu abinci ta ƙoshi." Aka yi dariya, maganar Juma'a ta mutu. Abokina ya goge naɗin a gaban kowa.

Dattijon ya ci gaba da zama har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa yi mini gori ba. Na juya masa kaset ɗin a waya kafin ya tsinke, ya sa mini albarka. Amma tun daga ranar, in zai kunna sai ya rufe taga, ko da zafin bazara ne.

Har yau ni mai taka-tsantsan ne, ba na jin zan canja. Sai dai na gane cewa ranar nan ba gaskiya nake tsarewa ba, kaina nake tsarewa, wani kuma ya kusa biya. Duk lokacin da na ji "wataƙila" tana shirin fita daga bakina a kan wani mutum, sai in tuna tagar nan a rufe.