Notin da Ya Karye a Ƙafar Dama

Yayana direba ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Tsohuwar mota a-kori-kura ce da shi, yana kwaso hatsi daga ƙauyukan Kibiya zuwa kasuwar Rano. Ni kuwa malamin firamare ne, iyakar sanina da mota in shiga in zauna. A damunar da zan ba da labarinta, ya sha ratsa rafukan wajen Kahu da ita, ruwa da laka har gindin ƙofa.

Wata ranar Laraba na bi shi Rano. Tun muna hanya nake jin ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Da muka tsaya na kai hannu kusa da ƙafar gaba ta dama, zafi ya hana ni taɓawa.

"Yaya, wannan ƙafar lafiya kuwa?"

"Birki ne yake ɗan riƙewa," in ji shi. "Ta saba."

Washegari ne sunan ɗan ƙanwarmu da ke aure a Lausu, kuma a motar nan Yaya zai kwashi matan gidanmu, har da Inna mahaifiyarmu, da matata, da 'yata mai shekara huɗu. Na dinga yi masa magiya, sai da ƙyar ya juya zuwa wurin wani tsohon bakanike da ke aiki ƙarƙashin darbejiya, wanda direbobi ke kira Baba.

Baba ya ɗaga motar a kan jak, ya cire taya, ya leƙa. Ya nuna mini ƙarfen da ke matse faifan birki, da notuna biyu da suka riƙe shi ta baya. Tsatsa ta cinye su har ba a gane inda noti ya ƙare ƙarfe ya fara. Ya sa sifana ya gwada na sama sau ɗaya, ya ajiye.

"Wannan ba da ƙarfi ake yi masa ba," ya ce. "Ruwa ya aurar da su."

Ya haɗa kananzir da man birki a murfin gwangwani, ya ɗiga a gindin kowanne, ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa kan notin a hankali. Sai ya koma benci ya zauna. Yaya ya duba agogo. Gabas ta fara haɗa hadari, iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ba ya motsi.

Bayan azahar Baba ya zura dogon fayif a hannun sifana. Na yi mamaki da na ga ya fara ƙara ɗaure notin maimakon kwancewa, sannan ya dawo da shi baya, kaɗan kaɗan, gaba da baya. Can notin sama ya yi wata ƙara mai tayar da tsigar jiki, jar tsatsa ta zubo ƙasa. Ya fito.

Na ƙasa ya ƙi. Aka kira mai walda da ke kusa, Baba ya naɗe tiyon man birki da jiƙaƙƙen tsumma don kada wuta ta same shi, aka gasa ƙarfen da ke kewaye da notin har hayaƙi ya tashi. Aka gwada, aka sake gasawa, bai motsa ba.

"A bar shi ya kwana da mai," in ji Baba. "Da safe zai saki."

"Da safe ina da mutane," Yaya ya ce.

"To su jira, Alhaji."

Yaya ya sake duba agogo. Da Baba ya juya zai wanke hannu, sai Yaya ya kama fayif ɗin, ya ɗora ƙafa, ya hau da dukan nauyinsa. Na ga motar ta karkata a kan jak, ƙasar wurin kuma da ma a jiƙe take. Sai wata 'yar ƙara, ƙas, fayif ya faɗi. Kan notin ya gangara ya tsaya gaban takalmina, sauransa yana ciki.

Baba ya duba guntun da ya rage a ciki. Sannan ya sa ƙarfe ya banƙare matsin da ke riƙe faifan, ya kira ni, ni ba Yaya ba. Takalman birkin sun cinye sarai, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Faifan ya yi shuɗi saboda zafi, ga wani siririn tsagu kamar gashi ya taso daga tsakiya ya kusa kai baki. Ya sa farce ya bi shi don in gani.

"Sai an huda a ciro guntun, a kawo faifai daga Kano. Kwana biyu."

"A sa mata ƙusa kawai," in ji Yaya.

Ban gane ba sai da mai walda ya yi mini bayani a hankali: ana toshe hanyar man da ke zuwa ƙafar da ƙusa, motar ta riƙa tsayawa da ƙafa uku.

Baba ya fara tattara kayansa yana jefawa a akwati. "Ba da hannuna ba. Na taɓa ganin inda ƙusa ta kai mutane."

Yaya ya yi da nasa hannun. Ya ɗaure matsin da waya, ya mayar da taya, ruwa ya tsuge muna barin gareji.

Da safe mata suka fito da kwanukan waina da tulun kunu, ana ta dariya. Na ja matata gefe na ce ta zauna a gida. Ta tambaye ni dalili. Inna tana tsaye kusa, Yaya yana goge gilashi yana jina. A gidanmu ba a taɓa jin na musa masa a gaban mutane ba, kuma ranar ma ban iya ba. Na ce ba komai. Na karɓi 'yata na shiga gaba, na ɗora ta a cinya.

Yaya ya yi tuƙi a hankali. Duk sanda ya taka birki sai motar ta fizga hagu, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya dawo da ita. Mun wuce Rano, mun kama gangaren da ke sauka kan wata ƙaramar gada, sai ga shanu sun fito daga cikin dawa suna tsallaka hanya. Yaya ya taka. Motar ta juya hagu da kanta, ta bar hannunta, tana jan ƙasa, ina ganin bakin gadar yana matsowa. Na rufe idon yarinyar da tafina. Muka tsaya, tayar hagu tana kan gefen siminti, ƙasa kuma jan ruwa yana gudu.

A baya wata gwaggonmu ta buga rufin mota tana faɗa, wai an zubar mata da kunu a zani. Sauran suka yi mata dariya. Yaya ya zauna yana kallon gabansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai da saniya ta ƙarshe ta wuce sannan ya ja baya.

Aka yi suna lafiya. Da za a dawo na nemo wata mota na sa iyalina da Inna, na ce wai don kada a matsu.

Yaya bai mayar da motarsa wurin Baba ba. Ya ajiye ta a ƙofar gida har kaka, sannan wani mutum ya zo daga wani gari can kudu ya saya, ya ce fasinja zai riƙa ɗauka ranakun kasuwa. Ina tsaye aka yi cinikin. Mutumin ya buɗe inji, ya saurari ƙara, ya daddaki tayoyi da ƙafa, ya gamsu.

Da ya tafi na ce, "Yaya, ka gaya masa?"

"Mai saye yana da ido," ya ce, ya shige gida.

Mutumin ya ba ni hannu kafin ya tafi, har ya tambayi makarantar da nake koyarwa. Ban karɓi lambarsa ba, ban ma riƙe sunan garinsu ba.